Adabin Kasuwar Kano a Ma'aunin Ra'in Ƙirƙira Mai Tumɓuke Manya: Tsokaci

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1997 Clayton Christensen, malamin nazarin kasuwanci a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya wallafa littafinsa The Innovator's Dilemma, inda ya shimfiɗa ra'in da a nan za a kira ƙirƙira mai tumɓuke manya. Tun daga lokacin ake ɗora ra'in a kan kamfanoni da masana'antu, har shi kansa ya ɗora dabarun kasuwanci a kan rayuwar mutum a wani littafi na 2012. Manufar wannan maƙala ita ce auna ra'in da tarihin ɗab'in ƙagaggun labaran Hausa, domin a ga inda ya haskaka da kuma inda ya gaza.

2.0 Ginshiƙin Ra'in

Abin da Christensen ya lura da shi shi ne, babban kamfani yakan faɗi alhali yana bin ƙa'idar aiki sau da ƙafa. Yakan mai da hankali ga manyan abokan cinikinsa, ya raina haja mai araha wadda ba ta da riba sosai. Sai ƙaramin ɗan kasuwa ya shigo ta wannan ƙofa, ya kama masu sayen da aka yi watsi da su, ya riƙa kyautata hajarsa har ya ture na sama. Misalinsa shi ne ƙananan masana'antun narka ƙarfe na Amurka, waɗanda suka fara da rodin gini, manyan kuwa suka sakar musu shi da murna, daga bisani suka mamaye sauran kasuwar.

3.0 Inda Ra'in Ya Dace

Tun daga gasar Hukumar Talifi ta 1933 har zuwa kafa Kamfanin NNPC a Zariya a 1966, ɗab'in littafin Hausa yana hannun hukuma ne ko kamfani mai jingina da ita, babban mai saye kuwa shi ne makaranta. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa da matan aure masu iya karatun boko, waɗanda ba manhaja ce ta dame su ba. Su ne marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu, mai Budurwar Zuciya (1987), da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna (1991), suka nufa kai tsaye.

Dabarun cinikin sun cancanci nazari. Marubuci yakan kai rubutunsa ƙaramar maɗaba'a da kuɗin aljihunsa, ya karkasa labarin zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku, ta yadda cinikin na farko zai buga na biyu. Dillalan Kano ke rarrabawa, masu bayar da haya kuma su kai littafi ɗaya hannun mutane da dama. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka riƙa tallata littattafan 'ya'yansu a cikin na juna. Takardar ba ta da kauri, kurakuran ƙa'idojin rubutu kuma sun yi yawa, abin da ya sa wasu manazarta suka yi musu kallon hadarin kaji. Sunan Adabin Kasuwar Kano, wanda Ibrahim Malumfashi ya yayata bisa kwatanci da na kasuwar Anacha, yana ɗauke da wannan suka. A nan ra'in ya yi daidai: rainin na sama shi ne garkuwar na ƙasa.

4.0 Inda Ra'in Ya Gaza

Sai dai kuma akwai wurare uku da ma'aunin ya karkace. Na farko, ba ƙananan marubuta ne suka durƙusar da NNPC ba. Taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980, da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 wanda ya karya darajar naira ya tsadantar da takarda, su suka raunana manyan maɗaba'u. Wato fili ne aka bari, ba kokawa aka yi ba.

Na biyu, jigon soyayya ba ƙirƙirar kasuwa ba ce. NNPC ce ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980. Sabon abu yana cikin hanyar bugu da rarrabawa da kuma kusancin harshe da maganar yau da kullum.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, ra'in yana auna nasara da yawan ciniki. Ba shi da abin cewa game da zubi da tsari, ko salon sarrafa harshe, ko zurfin taurari. Ya kuma yi hasashen cewa hajar ƙasa za ta riƙa inganta da kanta, alhali tace rubutu aiki ne na edita, wanda tsarin buga-da-kanka ya cire shi domin rage kuɗi. Ko a fagensa na asali ra'in bai tsira ba, domin a 2014 masaniyar tarihi Jill Lepore ta soki yadda aka zaɓo misalansa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ra'in Christensen yana da amfani ga mai tarihin ɗab'i, amma ba ya maye gurbin mai fiɗar adabi. Yanzu da labaran suka koma wayoyin hannu, ana sayar da su ta WhatsApp ana karanta su a YouTube, tambayar ta sake tasowa. Wajibi ne manazarta su rarrabe tsakanin dabarar da ta kai littafi hannun mai karatu da darajar abin da ke cikinsa, su auna kowanne da ma'auninsa.