Zanen aro a cikin XSLT

Duk wanda ya taɓa juya fayil ɗin XML zuwa shafin intanet da XSLT ya san gaɓar da zuciya take fara raɗa. Ana cikin aiki sai a ci karo da lissafin da ba a ga hanyarsa nan take ba, sai a leƙa Java ko Python a ɗauko nasu, a kira shi daga cikin takardar juyi. Layi biyu, an wuce wurin. Ni dai a ganina, yawancin wannan aron a yau kasala ce kawai.

A da kam dole ce ta sa. XSLT na farko da ya fito a 1999 ko lissafin kwanan wata ba ya yi, don haka kowane kamfani ya buɗe tasa ƙofar: Microsoft da msxsl:script, Xalan da kiran Java kai tsaye. Rikicin ya kai har a 2001 wasu masana, cikinsu da Uche Ogbuji haifaffen Kalaba, suka kafa EXSLT don a daidaita sunayen waɗannan ƙare-ƙare. Amma tun 2007 da XSLT 2.0 ya zo da xsl:function, mutum zai iya rubuta nasa aikin da yaren XSLT ɗin kansa. Uzurin ya daɗe da ƙarewa.

Ga misali. Daga nan unguwar Ladywood zuwa Jami'ar Birmingham a Edgbaston ba nisa, kuma can ne ake ajiye tarin rubuce-rubucen Mingana. Bayanan irin waɗannan littattafai, har da na ɗakin karatun John Rylands a Manchester, suna cikin kundin Fihrist, an rubuta su da TEI, wato XML. Mai irin wannan aiki kullum yana fama da shekarun Hijira. Abu mafi sauƙi shi ne ya kira HijrahChronology da ke cikin Java tun 2014. To, ga inda gizo ke saƙa: wannan kalandar ta Ummul Ƙura ce, kuma daga 1300 zuwa 1600 kaɗai ta sani. Shekarar 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882. Ka ba ta 1227, shekarar da Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, sai ta tsaya cak ta ce kuskure. Galibin abin da malaman Sakkwato suka rubuta ya faɗa waje kenan.

Alhali lissafin ba wuya gare shi ba. Zagaye ne na shekara 30, 11 daga ciki masu kwana 355, sauran 354. Ana iya samun saɓanin kwana ɗaya ko biyu da ganin wata, amma duk wanda ya buɗe takardar zai ga ƙa'idar da aka bi da idonsa, ya gyara in ya ga dama. Ma'aikacin ɗakin karatu da ya san TEI zai iya karanta xsl:function. Ka tura shi neman fayil ɗin Java da wani ɗan kwangila ya bari shekara goma da suka wuce, ka gama da shi.

Ga kuma raunin ƙaura. A 2009 Saxon, injin Michael Kay na garin Reading, ya cire kiran Java kai tsaye daga bugunsa na kyauta. Sabon .NET ba ya karɓar msxsl:script sam. Takardun da suka jingina da waɗannan ƙofofi sai da aka sake rubuta su. Masu tsaro ma ba sa ƙaunarsu, don takardar da za ta iya kiran Java za ta iya kiran duk abin da ke cikin kwamfutar.

Ban ce a daina aro ɗungurungum ba. Tambayar rumbun bayanai ko sa hannun sirri a kan takarda, waɗannan sai an fita waje. In ta kama, a ware kiran a fayil guda, a gwada shi da function-available, a tanadi abin da takardar za ta yi ranar da injin ya ce bai san shi ba.