Hannu Da Yawa, Fuska Ɗaya: Tarken Bidiyon Waƙar Sledgehammer

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi tarken bidiyon waƙar Sledgehammer ta mawaƙin Ingila Peter Gabriel, wadda ta fito a kundinsa mai suna So a shekarar 1986. Ma'anar sunan waƙar ita ce babbar guduma. An zaɓi bidiyon ne saboda da hannu aka haɗa shi, hoto bayan hoto, kuma hannuwan ba na mutum ɗaya ba ne. Tambayar da tarken zai amsa ita ce: idan masu fasaha mabambanta suka taru a kan aiki ɗaya, me ke hana shi zama gamin-gambiza?

2.0 Waɗanda Suka Yi Aikin

Wanda ya ba da umarni shi ne Stephen R. Johnson, Ba'amurke, wanda a 1985 ya shirya wa ƙungiyar Talking Heads bidiyon Road to Nowhere. Ya yi aiki da ɓangarori biyu. Na farko shi ne kamfanin Aardman na birnin Bristol, wanda Peter Lord da David Sproxton suka kafa, kuma ya shahara wajen motsa 'yan tsana na yumɓun roba. Na biyu su ne tagwaye Stephen da Timothy Quay, Amurkawa mazauna Landan, waɗanda suka saba motsa tarkace da tsofaffin 'yan tsana cikin yanayi mai duhu da ban tsoro. Salon Aardman na raha ne, na tagwayen kuwa mai ɗaure kai ne. Ke nan tun daga farko an haɗa hannuwan da ba su saba tafiya tare ba.

3.0 Yadda Aka Haɗa Shi

Dabarar da aka yi amfani da ita ita ce ɗaukar hoto ɗaiɗai. A ajiye abu, a ɗauki hoto ɗaya, a ɗan gusa shi, a sake ɗauka. Idan aka jera hotunan aka haska su da sauri, sai ido ya ga motsi. A ma'aunin talabijin na Ingila, daƙiƙa ɗaya tana cin hoto 25, wato 1,500 a minti ɗaya. Ko da an maimaita kowane hoto sau biyu, sai an gyara abin da ake ɗauka sau 750 kafin a sami minti guda.

Abin lura a nan shi ne, har mawaƙin ma haka aka ɗauke shi. Ya kwanta a ƙarƙashin faifan gilashi na tsawon awa 16, ana shirya kaya a kewayen kansa. Saboda bakinsa ya dace da waƙar, sai da aka kasa ta sauti-sauti, ya riƙa tsayar da bakinsa a kan siffar da kowane sauti yake bukata. Ɗalibin ilimin furuci zai gane wannan da sauri: sautukan leɓɓa kamar /b/ da /m/ suna bukatar a rufe baki, wasalin /a/ kuma a buɗe shi. Wato abin da ake koya a aji a kan takarda, a nan an yi shi da fuskar mutum.

4.0 Jigo Da Salo

Jigon waƙar soyayya ce ta sha'awa, amma an sakaya ta cikin siffantawa. Mawaƙin ya ambaci jirgin ƙasa da jirgin sama da lilon hawa da gangara da motocin wasa masu karo da juna da 'ya'yan itatuwa. Mai sauraro baligi ya san inda aka dosa. Abin da bidiyon ya yi shi ne ɗaukar kowace siffantawa a zahirinta. Da an ambaci jirgin ƙasa, sai ga ɗan jirgi yana kewaya kan mawaƙin. Da an zo kan 'ya'yan itatuwa, sai su taru su zama fuska. Wannan hoto yana tuna wa mai kallo zanen Giuseppe Arcimboldo, mai zanen Italiya na ƙarni na 16, da kuma fina-finan Jan Švankmajer na birnin Prag, wanda tagwayen suka yi ɗan fim da sunansa a 1984.

A tsakiyar waƙar, inda sarewa ta karɓe, sai ga kaji biyu figaggu marasa kai suna rawa. Wannan aikin Nick Park ne, wanda a lokacin matashi ne a Aardman, daga baya ya shahara da Wallace da Gromit, kuma shi da Peter Lord suka shirya fim ɗin Chicken Run a 2000.

5.0 Tarke

Ƙarfin bidiyon yana cikin abu ɗaya: fuskar mawaƙin. A mafi yawan tsawonsa kyamara tana kan kansa da kafaɗunsa, komai yana sauyawa a kewayensa, alli ya tafi yumɓu ya zo, amma fuskar tana nan. Ita ce zaren da ya ɗinke ƙyallayen. Haka kuma, da yake shi ma hoto ɗaiɗai aka ɗauke shi, motsinsa yana da 'yar karkarwa irin ta kayan da ke kewaye da shi, don haka bai fita daban ba. Da an ɗauke shi yadda aka saba, da sai ya zama baƙo a cikin bidiyonsa. Mawaƙin ya sauka daga matsayin tauraro ya zama kayan aiki a hannun wasu, kuma wannan saukar ce ta sa haɗin gwiwar ya yiwu.

Sai dai akwai rauni iri biyu. Na farko, mayar da siffantawa zahiri ya dushe kaifin waƙar. Abin da ya kasance zaurance tsakanin manya ya koma wasan yara, mai kallo ya shagala da tambayar yadda aka yi, ya bar tambayar me ake nufi. Na biyu, a ɓangaren ƙarshe, inda kyamara ta ja baya aka ga 'yan amshi da jama'a da kayan ɗaki suna rawa, fuskar ta ƙanƙance a cikin taro, sai zaren ya yi sako-sako. Wannan raunin ma hujja ce a kan cewa fuskar ce ke riƙe da ginin.

6.0 Kammalawa

A 1987 bidiyon ya sami lambobin yabo 9 a bikin tashar MTV, har da ta gwarzon bidiyon shekara. Duk da haka, a bakin jama'a bidiyon Peter Gabriel ne kawai, kamar yadda ake kiran waƙa da sunan makaɗi a mance da 'yan amshi. Wajibi ne mai tarke ya kauce wa wannan. Idan ɗalibi ya zo nazarin aikin haɗin gwiwa, ya fara da tantance hannun kowa, sannan ya nemo abin da ya ɗaure hannuwan wuri ɗaya, ya kuma nuna inda ɗaurin ya sassauta. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da wannan bidiyo ya ƙara a kai shi ne, hannuwa da yawa ma ba sa ɗaukarta sai sun sami wuri ɗaya da kowa zai kama.