Yadda Gwani Ke Karanta Lissafin Banki

Mai sayen masara a kasuwannin Karaye da Rogo ba ya yarda da abin da ya gani a bakin buhu. Sai ya soka ƙarfe a tsakiya da gindi, ya zuba a tafin hannu, ya ciza ya ji bushewarta, kafin a yi maganar farashi. Akwai masu yi wa bankuna da kamfanonin inshora irin wannan binciken kafin su sayi hannun jarinsu, kuma aikinsu yana burge ni ƙwarai.

Kayan aikin ba su da yawa: rahoton shekara da doka ta wajabta wa duk kamfanin da ke kasuwar hannayen jari ta Legas ya fitar, da biro, da littafin rubutu, da kalkuletar waya. Rahoton yakan kai shafi ɗaruruwa. Gwani yakan wuce hotunan shugabanni da babban adadin ribar da aka ƙawata a gaba, ya fara da shafin odita, wato masu binciken kuɗi na waje. Idan sun sa hannu ba tare da togaciya ba, sai ya ci gaba. Idan sun ce "sai dai", nan zai yada zango.

Daga nan sai bashi, domin a nan ran banki yake. Kuɗin da ke hannunsa galibi ajiyar jama'a ce, ya ranta wa wasu. Gwani zai nemo jimillar rancen, ya nemo wanda ya shige kwana 90 ba a biya ba, ya raba ƙarami da babba. Babban Bankin Najeriya yana son kada wannan ruɓaɓɓen bashi ya wuce kashi 5 cikin ɗari. Bai tsaya nan ba. Zai bi ƙananan bayanan da ke can ƙarshe, waɗanda ido ke gajiya da su, ya ga wa aka ranta wa: 'yan man fetur ne, ko manoma, ko daraktocin bankin da kansu? Sannan ya auna kaurin jarin bankin, wanda shi ne zai shanye asara kafin ta taɓa masu ajiya. Ƙa'ida ita ce kashi 10 cikin ɗari, kashi 15 ga mai rassa a ƙetare.

An sha wuya kafin a koyi wannan taka-tsantsan. Bayan da aka tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25 a 2005, suka ragu daga 89 zuwa 25, talla ta cika rediyo, mutane suka yi ta sayen hannun jari a kan "an ce yana tashi". A 2008 kasuwar ta rufta. A watan Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki a lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ciki har da Oceanic da Intercontinental, waɗanda ba da jimawa ba suke shelar riba. Wanda ya dogara da hirar majalisa ya kwana ciki.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne yadda gwani yake tambayar asalin riba. A 2023, da darajar naira ta faɗi, bankunan da ke riƙe da dala suka nuna riba mai ɗimbin yawa, alhali ba wani ciniki ne ya ƙaru ba. Gwani zai ware wannan gefe, ya ga me ya saura. Babban Banki ma ya hana a raba wa masu hannun jari wannan ribar. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuwa, idan ya ɗauki rahoton bankin Jaiz, da ya buɗe a 2012 ya shiga kasuwa a 2017, zai duba nawa ya fito daga murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar da sananniyar riba, nawa daga ijara, wato haya, nawa daga sukuk na gwamnati, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa.

Inshora ma'auninta daban ne, amma gajere. A kowace naira ɗari da kamfani ya karɓa, nawa ya biya diyya, nawa ya kashe wajen gudanarwa? In sun haura ɗari, to da ribar juya kuɗin yake rayuwa. In diyyar ta yi kaɗan ainun, gwani ba ya murna, domin wataƙila kamfanin yana jan ƙafa wajen biyan masu haƙƙi, kuma wata rana za su watse. A takaful, wato inshorar Musulunci, zai ƙara duba ko an mayar wa mahalarta rarar da ta saura.

Sai a ƙarshe yake kallon farashi. Zai raba ribar da yawan hannayen jari, ya gwada da kuɗin da ake sayar da guda a yau, ya kuma gwada abin da za a ba shi a hannu da tsadar kayan masarufi. Ya jera shekara biyar a layi ɗaya cikin littafinsa, ya kwana a kan lissafin, sannan ya kira dillalinsa.