Carole King da Tambayar Mai Waƙa

Kalmar "mawaƙi" a Hausa ta tattara mutum uku wuri guda: mai tsara baiti, da mai sa masa kari, da mai rerawa. A kasuwar waƙa ta Amurka kuwa waɗannan sana'o'i ne dabam-dabam, kuma rayuwar Carole King ta isa misali ga mai son ya san wanne daga cikinsu ke riƙe da waƙa.

An haife ta a birnin New York cikin 1942. Ta auri Gerry Goffin a 1959, suka kama aiki da kamfanin Aldon Music, inda akan zaunar da matasa cikin 'yan ɗakuna da piyano su tsara waƙoƙi domin waɗansu su rera. Shi ke rubuta baituka, ita ke sa kari. Da haka suka yi "Will You Love Me Tomorrow", wadda 'yan matan Shirelles suka kai matsayi na ɗaya a farkon 1961, da "A Natural Woman", wadda Aretha Franklin ta rera a 1967. Bayan aurensu ya mutu ta koma Los Angeles, ta fitar da faifan Tapestry a 1971 da muryarta. Ya yi mako 15 yana kan gaba, ya jawo mata lambar Grammy 4.

Masu sharhi da dama sun ɗauka a wannan shekara ce ta zama gwana, wai don ta daina fakewa bayan muryar wasu. Wannan hukunci yana da rauni. Dalili kuwa shi ne, waƙoƙin nan biyu duka ta sake rera su cikin Tapestry, ba ta sauya baitukan Goffin ba. Shirelles sun yi ta farkon da hanzari da goge irin na Turawa, ta fito kamar fargabar budurwa. Ita kuwa ta sassauta ta bisa piyano, sai ta koma tunanin macen da ta riga ta san amsa. Baiti ɗaya, kari ɗaya, ma'ana biyu. Sa'an nan "It's Too Late", wadda ta fi kowace tashe a faifan, baitukanta na Toni Stern ne.

Ashe ke nan abin da 1971 ta fito da shi fili shi ne rerawa, amma gwanintar kari ta riga ta shekara goma tana nan. Baitukan da ta rubuta da kanta, kamar na "You've Got a Friend", sun fi na Goffin sauƙi, ba su kai su zurfi ba, karin ne ke ɗauke da su.

Abin lura ga malamin da ke koyar da waƙa daga takarda shi ne, rubutaccen baiti sulusin waƙa ne kawai. Wanda ya yanke hukunci a kansa bai ji kari da murya ba, ya yi shari'a da shaida guda.