Tauraruwa Mai Wutsiya da Dutsen Zagami

Cikin shekarar 1969, watau shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, aka buga wani ɗan littafi a Zariya mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda Malam Umaru Dembo ya wallafa. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda ya gamu da wani baƙo daga sararin sama, sunansa Kolin Koliyo, ya ɗauke shi suka yi tafiya can bisa, ya ga abubuwan mamaki. Duk wanda ya karanta shi yakan rufe da tambaya guda, shin da gaske akwai masu rai a waɗansu duniyoyi? Ku da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci a Romi da sauran unguwannin kudu da Kogin Kaduna, ya kamata a ba ku amsa ta gaskiya, domin wanda bai daɗe da iya karatu ba yakan ɗauka duk abin da ya gani a rubuce tabbas ne.

Mu fara da yabo, don kuwa littafin ya cancanta. Kafinsa, in marubucin Hausa yana so ya ba da mamaki, sai ya kai jaruminsa ƙasar aljannu, kamar yadda Malam Bello Kagara ya yi a Ganɗoki a 1934. Malam Umaru kuwa sai ya ɗaga kai sama, kuma ya yi haka a kan kari. A farkon shekarun 1960 Amurkawa suna da tasha a Kano ta bin sawun kumbunansu, tana cikin tashoshin da suka bi John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya a 1962. Mutanenmu suna jin labarin a rediyo kamar sha'anin waɗansu. Shi ya ɗauki yaron ƙasarmu ya sa shi cikin tafiyar, ya kuma nuna Hausa tana iya ɗaukar irin wannan zance. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

To, amma ga inda mu ke da magana. In an duba da kyau, Kolin Koliyo aljanin tatsuniya ne aka sake wa riga. Yana zance da yaron suna fahimtar juna, yana ɗaukarsa ya kai shi inda ƙafa ba ta zuwa, aikin da aljani ya saba yi ke nan. Ba laifi ba ne ga mai ƙaga labari, sai dai yakan bar mai karatu da zato biyu marasa tushe: cewa duniyoyin nan kusa su ke, da cewa in akwai mai rai a can, lalle mai baki ne da hankali irin namu.

Ga misalin nisan. A ce mota ta tashi daga Romi tana gudun kilomita 100 a sa'a, ba tsayawa dare da rana, kuma akwai hanya miƙaƙƙiya. Za ta isa wata cikin kwana 160. Za ta isa rana cikin shekara 170 da 'yan kai. Amma tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, sai ta yi fiye da shekara miliyan 40 a hanya. Haske ma, wanda ba abin da ya fi shi sauri, sai ya shekara 4 kafin ya iso mana daga can. Saboda haka baƙon da zai zo ya ɗauki yaro su yi yawo, sai dai a littafi.

Sa'an nan me aka tarar a wuraren da aka iya kaiwa? Daga 1969 zuwa 1972 an sauka a wata sau 6, an kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382, ba a sami mai rai ko ɗaya a ciki ba. Zara, wadda mu ke kira matar wata, zafinta ya isa ya narkar da darma. Mirrihu, jan tauraron nan, shi aka fi sa wa rai. Na'urori biyu masu suna Viking sun sauka a kansa a 1976, suka gwada ƙasarsa, ba su kawo hujjar da ta gamsar ba. Waɗanda suka sauka a 2012 da 2021 sun tabbatar cewa a zamanin da akwai tabkuna da koguna a can. A 2025 masana suka ba da labarin wani dutse da ke da tabo irin wanda ƙananan halittu kan bari, amma su da kansu suka ce yana yiwuwa wani abu dabam ya yi tabon. Ku lura, abin da su ke nema ƙwayoyi ne irin waɗanda a ke dubawa da madubi a asibiti.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, shekara 7 kafin a buga littafin, baƙo na gaske daga wata duniya ya riga ya sauka a ƙasar Hausa. Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami, a Lardin Katsina, sai ya ji ƙara mai firgitarwa, wani dutse ya faɗo daf da shi ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa wajen kilo 18. Aka kawo shi nan Kaduna, ofishin binciken duwatsu da ma'adinai. Daga baya masana suka sami 'yar iska maƙale a cikinsa, suka auna, suka ga ta yi daidai da iskar Mirrihu wadda Viking ta auna. Ashe wani abu ne ya taɓa dukan Mirrihu da ƙarfi, ya fizgo ɓarɓashinsa, dutsen ya yi ta yawo wajen shekara miliyan 3 kafin ya faɗo gonar Bakatsine. Ba a sami alamar rai a cikinsa ba. Bai yi wa kowa magana ba, sai da aka tambaye shi da ma'auni sa'an nan ya faɗi garinsu. A 1996 har aka sa ɗan gutsurensa cikin wani kumbo aka mai da shi wajen Mirrihu.

Kada a ce wannan ba ruwan talaka. A 2023 an tsinci wani dutsen Mirrihu mai nauyin fiye da kilo 24 a ƙasar Agadas, a 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 5 da 'yan kai, har gwamnatin Nijar ta sa a bincika yadda ya fita daga ƙasarta. Wanda bai san abin da ya faɗo masa ba, wani ne zai ci amfaninsa.

Ita ma tauraruwa mai wutsiya an kai mata ziyara. Dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura, in ta kusato rana sai ta yi tururi, shi ne wutsiyar. A 2014 wani kumbon Turai mai suna Rosetta ya isa ga ɗaya daga cikinsu, ya sami wani sinadari daga cikin tubalan da a ke gina jikin mai rai da su. Amma fa samun tubali dabam, samun gida da mutane a ciki dabam. Haka kuma tun 1995, da waɗansu masana biyu na ƙasar Suwizalan suka gano duniya ta fari mai kewaya wani tauraro irin ranarmu, an ƙirga irinta fiye da 6,000. Da wannan yawa, ba mai hankalin da zai rantse cewa babu rai a ko'ina sai nan. Ba kuwa wanda ya isa ya ce ya gani. Allah mai iko ne a kan kome, amma ikonsa bai zama hujjar kowane labari da aka kawo mana ba.

To, ga hukuncinmu. Ku karanta Tauraruwa Mai Wutsiya, ku ba 'ya'yanku su karanta, domin yana sa yaro ya dubi sama ya yi tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Amma ku riƙe shi a matsayin ƙagaggen labari. In kuma wani ya nuna muku hoto a waya ya ce ga mutanen sama an kama, ku tambaye shi abu uku: wa ya gani, da me ya auna, wa kuma ya sake aunawa ya sami daidai? Dutsen Zagami ya amsa duka ukun. Marubutanmu na yanzu kuwa, muna roƙonsu su waiwayi manomin nan da dutsensa, domin labari ne na gaskiya, a ƙasarmu ya faru, ya kuma isa a yi littafi guda a kansa.