Mutuwar da ake latsawa a dawo

Gardamar ta daɗe tsakanin masu ƙirƙirar wasannin kwamfuta na labari. A King's Quest na kamfanin Sierra, wanda ya fito a 1984, kuskuren taku ɗaya a bakin gada ya isa ka faɗa ruwa ka mutu, ka koma baya. Ron Gilbert ya soki wannan a 1989, sannan ya fitar da The Secret of Monkey Island a 1990, inda kashe Guybrush sai an yi da gangan: a bar shi cikin ruwa sama da minti goma.

Ina bayan Gilbert, kuma dalilina daga gida yake. Fasinjan da ya hau mota daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi, da manomin Zurmi mai auna nisan gonarsa da gari kafin ya ɗauki fartanya, sun san mutuwar da ba ta sallama. Yaronsu mai riƙe da waya ba ya buƙatar wasa ya nuna masa ita, balle a haɗo masa da maɓallin sake gwadawa. Mai rubuta irin wannan, tsawaita wasa kawai yake yi da araha.

Duk da haka ba zan ce a kore ta ɗungurungum ba. A The Walking Dead na Telltale, na 2012, Lee yana mutuwa a ƙarshe duk abin da ka zaɓa. Abin da aka bar maka shi ne shawarar da zai ba yarinya Clementine: ta harbe shi, ko ta tafi ta bar shi.