Kwamfuta Ɗaya, 'Yan Haya Shida

A da, kamfanin da ke son imel da shafin intanet da rumbun lissafin kuɗi sai ya sayi manyan kwamfutoci uku, kowace da aikinta. Ana jin tsoron haɗa su wuri guda, domin idan ɗaya ta rikice sai ta ja sauran. Ga su jere a ɗakin sabar suna shan wuta, suna fitar da zafi, alhali yawancin yini kowace ɗan kaɗan take taɓawa daga ƙarfinta. Wanda ya taɓa biyan kuɗin gas na janareta a Kano ko Kaduna ya san wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Maganin ya daɗe a duniya. Tun a shekarun 1960 injiniyoyin IBM suka gano yadda za a yanka babbar kwamfuta gida-gida, har suka fitar da VM/370 a 1972. Amma sai da VMware, wanda aka kafa a 1998, ya kawo dabarar kan kwamfutoci na gama-gari sannan ta zama ruwan dare. Xen ta biyo baya daga Jami'ar Kambirij a 2003, KVM ta shiga cikin Linux a 2007, Microsoft kuma ya fito da Hyper-V a 2008. Duk aikinsu ɗaya ne. Manhajar rabo ce ke zama a kan ƙarfen, ta riƙa ware wa kowace kwamfutar cikin gida rabonta na firosesa da RAM da faifan ajiya, ta kuma sa ta ɗauka ita kaɗai ce a wurin. Kamar gidan haya ne: rufi ɗaya, mita ɗaya, amma kowa da ɗakinsa da makullinsa, kuma faɗan ɗaki na uku ba ya shiga ɗaki na biyar.

Ɗora manhajar ba wuya, yaro mai himma zai yi a yammaci guda. Wajen rabo ake gane gwani. Ya san firosesa tana jure a yi mata alkawarin da ya fi ƙarfinta, tunda da wuya 'yan hayar su buƙace ta gaba ɗaya a lokaci guda. RAM kuwa ba ta yarda da wannan wasa. Da zarar ta ƙare sai komai ya koma tafiyar hawainiya. Ya san sabar imel ba ƙarfin lissafi ta fi so ba, faifai mai sauri take so, saboda dubban ƙananan saƙonni take rubutawa tana karantawa ba hutu. Kafin ya sabunta wani abu yakan ɗauki hoton halin da kwamfutar ke ciki, don idan abu ya ɓaci ya mayar da ita cikin mintuna. Amma ba ya kiran wannan hoton ajiya, domin a kan faifai ɗaya yake zaune da asalin, idan faifan ya mutu tare za su tafi. Ajiya ta gaskiya tana wata na'ura daban, zai fi kyau ma a wani gini, kuma yakan gwada dawo da ita lokaci-lokaci ya ga ko tana buɗewa.

To, a ce an ware wa imel ɗakinsa. Mai aiki da Linux yawanci manhajoji biyu yake haɗawa: Postfix, wadda Wietse Venema ya rubuta aka sake ta a 1998, ita ke karɓar saƙo da aikawa, Dovecot, aikin Timo Sirainen ɗan ƙasar Finland, ita ke riƙe akwatunan ma'aikata ta miƙa musu a waya ko kwamfuta. Sabar da sabar suna gaisawa ta ƙofa mai lamba 25, ma'aikaci yana aikawa ta 587 bayan ya ba da kalmar sirri, yana karantawa ta 993. Ƙa'idar da suke bi, SMTP, tun 1982 Jon Postel ya rubuta ta, a zamanin da masu amfani da hanyar 'yan ƙalilan ne kuma kusan sun san juna. Shi ya sa ba ta tambayar mai aikawa shaidar ko shi wane ne.

A ganina a nan ne sana'ar take da daɗin kallo, domin abin da ya rage ba haɗa waya ba ne, neman amana ne a wurin baƙi. Sabuwar sabar ba wanda ya san ta, kuma Gmail ba ya yi wa baƙo kyakkyawan zato. Sai gwani ya shiga rajistar sunayen intanet, wato DNS, ya fara rubuta shaidu. MX yana gaya wa duniya inda za a kai wasiƙun kamfanin. PTR yana sa lambar sabar ta amsa sunanta idan an tambaye ta ta baya; wannan ba a hannunsa yake ba, sai ya roƙi kamfanin da ya ba shi layin intanet, kuma a nan ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe. SPF yana lissafa na'urorin da aka yarje wa aikawa da sunan kamfanin. DKIM yana buga wa kowane saƙo hatimin da ba a iya kwaikwaya ba tare da makullin sirri ba. DMARC kuma umarni ne ga mai karɓa kan abin da zai yi da saƙon da ya faɗi jarrabawa: ya bar shi, ya killace shi, ko ya mayar da shi. Mai hankali da sassauci yake farawa, ya karanta rahotanni na 'yan makonni, sannan ya tsaurara. Idan ya yi gaggawa, takardun kuɗin da wata manhajar ofishin akanta ke aikawa, wadda kowa ya manta da ita, su za su fara ɓacewa. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta SPF da DKIM da DMARC ga masu aika saƙo da yawa.

Sannan ya tabbatar sabar ba ta isar da saƙon kowa da kowa. Wadda aka bari a buɗe, 'yan damfara kan gano ta da wuri, su zuba tarkacensu ta cikinta, lambarta ta faɗa baƙin kundin Spamhaus, wasiƙun manajan darakta su koma kwandon shara a ko'ina.

Ɗaukewar wuta ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Sabar da ta zo da saƙo ta tarar ba kowa takan riƙe shi ta sake gwadawa. Postfix kan yi haƙuri har kwana biyar. Abin gudu shi ne mutuwar farat ɗaya ana tsakiyar rubutu a faifai, don haka ake haɗa batir da zai ba 'yan hayar damar rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma gadi, wanda ba ya ƙarewa. A Maris 2021 an kutsa cikin dubban sabar Exchange, manhajar imel ta Microsoft, a faɗin duniya ta wata ɓaraka, kuma waɗanda suka yi jinkirin ɗora gyaran Microsoft sun ɗanɗana kuɗarsu. Saboda haka idan kamfani mai ma'aikata goma, wanda ba shi da mai duba rajistar sabar kowace safiya, ya nemi a kafa masa sabar imel tasa, ƙwararre yakan ce a biya Google Workspace ko Microsoft 365 kawai, shi ya rubuta musu shaidun DNS ɗin, ko da kuwa hakan ya rage masa kuɗin aiki.